Yaron da ke karanta fuskar uwarsa

Wata Asabar da hantsi ƙanwata ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, don Allah in ka samu sarari ka leƙo ka gwada min yaran nan. Ni dai a ganina suna ƙoƙari, to amma Abbansu ya fara yi min tambayoyi." A lokacin shekararta biyu da cire 'ya'yanta daga makarantar kuɗi, tana koya musu da kanta a gidansu da ke Rijiyar Zaki a Kano. Kuma ba da ka take yi ba. Tana da NCE, ta yi koyarwa kafin aure, ta mayar da ɗaki guda aji sosai, da allon bango da benci da taswirar Najeriya, har da jadawalin darussa manne a bayan ƙofa. Ni kuwa shekara 19 na yi ina shaƙar ƙurar alli a firamare kafin in koma kasuwa, shi ya sa duk sanda maganar karatun yara ta taso a dangi ni ake nema.

Na isa bayan la'asar. Babban, ɗan shekara 9, ya ɗauko littafinsa na Turanci ya kama zuba kamar an kunna rediyo, uwar na gefe tana murmushi. Sai dai tsohon malami ba da kunne kaɗai yake sauraren karatu ba. Na lura idon yaron bai cika zama kan takardar ba, duk bayan kalma uku ko huɗu sai ya saci kallon uwarsa. In ya doshi kalma mai wuya leɓenta ya ɗan motsa, ita kanta ba ta san tana yi ba, shi kuma ya cafe ya wuce. Na ce, "Ke, tashi ki haɗa mana shayi mana." Tana fita na buɗe littafin can wajen ƙarshe, inda ba su kai ba, na ce bismillah. Ya yi minti biyu yana kokawa da layi ɗaya. Na ce ko Turancin ne, na zaro jaridar Aminiya daga aljihu na nuna masa ɗan labari mai layi biyar, da Hausar da ya tashi da ita. Nan ma tafiyar hawainiya. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, ai wannan ba a koya mana shi ba." A wurinsa, karatu shi ne shafin da aka riga aka biya maka.

Ta tsakiyar, 'yar shekara 7, ita ce uwar ke kukan ba ta gane lissafi. Na ce da ita, "An aike ki kanti da 500, kin sayo magi na 150 da gishiri na 120, nawa za ki dawo wa Umma da shi?" Kafin in rufe baki ta ce 230. Na rubuta 500 a sama, 270 a ƙasa, na ja layi na ce ta ɗebe. Ta rubuta 370. Duk wanda ya koyar a aji biyu ko uku ya san kuskuren nan kamar yunwar cikinsa: yaro yana cire ƙaramar lamba daga babba a kowane gida, ko wacce ce a sama, don bai kama aro ba. Lissafin yana nan daram a kanta, hanyar sauke shi a takarda ce ta ɓace mata. Aikin mako biyu ne. Amma an yi wata da watanni ana ce mata ba ta ja, ana yabon yayanta.

Ban zo sukar masu koyar da 'ya'yansu a gida ba. Na san abin da ya kai mutane ga haka a garin nan. Kuɗin makaranta kowane zango sai ya yi tsalle, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu na kai yara da ɗauko su ya zama wani kuɗin makarantar na biyu. Na gwamnati kuwa, a ajin da yara suka cika har bakin taga malami ba zai san sunan kowa ba, balle inda kowa ya tsaya. Ita kanta gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Akwai tsoro ma. Babu uwar da ta manta farkon 2022, da aka gano mai makaranta ne da kansa ya sace ɗalibarsa 'yar shekara 5 ya kashe ta. Zaman korona na 2020 kuma ya ɗanɗana wa wasu iyaye abin, suka ga ashe za su iya. Wasu so suke yaro ya haddace Alƙur'ani tukuna kafin boko ya cinye masa yini. In ma ana maganar asali, karatu a gida ba baƙonmu ba ne. Sorayen cikin birni sun yaye malaman da ba su taɓa zama a benci ba, kuma tun zamanin Nana Asma'u mata ke koyar da mata a tsakar gida.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ya koyar ya zama shi kaɗai ne mai awo. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, to nan abin ya wuce so, ya haɗa da sabo. Mai koyarwa yana da muryar da yake tambaya da ita, da kalmomin da ya saba jerawa, da yadda yake ɗaga gira in an doshi kuskure. Yaro kuwa gwani ne wajen karantar babba, tun kafin ya iya magana yake wannan karatun, cikin wata uku ya haddace malaminsa tsaf. A aji mai yara 60 hakan ba ya nisa, don fuskar malam ba ta isar kowa. A ɗakin da uwa ke zaune da ɗanta gwiwa da gwiwa, rabin amsar a fuskarta take. Ga wani nauyi kuma da malamin makaranta ba ya ɗauke da shi. Uwar da ta cire 'ya'yanta daga makaranta ta sha surutun dangi da maƙwabta, kowa ya zuba ido ya ga ƙarshen abin, saboda haka duk gwajin da za ta yi wa yaron kanta take gwadawa. Wa zai so ya kayar da kansa?

Wasu sun gane haka, sai suka nemo maganin da a ganina bai fi cutar ba. Ƙarshen zango su karɓo takardun jarrabawa daga wata makarantar kuɗi, ko malamin lesin ya tsaro tambayoyi, yaro ya cike, a ba shi 85 bisa 100, a ɗauki hoto a tura wa dangi a WhatsApp ana ta sa albarka. To 85 na me? Ni na tsara irin tambayoyin nan shekara da shekaru, bari in faɗi gaskiya a kan kaina. Daga abin da muka rubuta a allo muke ɗebo su, sau da yawa kalma da kalma, ana saura mako guda kuma mu yi bita, wato mu nuna musu inda za a fito. Makin gwajin cikin zango, wanda tsarin 6-3-3-4 ya zo da shi da kyakkyawar niyya, na sha ganin an cike shi a dare ɗaya ana gobe za a ba da sakamako. Na taɓa ba yaro na ɗaya a aji huɗu alhali na san ba zai iya karanta wa kakarsa wasiƙa ba, kawai dai sauran sun fi shi rauni ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta a rahotonsa na 2022 cewa kusan yara 9 cikin 10 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara suna kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. Da yawansu suna zuwa makaranta, kuma kowane zango da katin sakamakonsu suke komawa gida. Mai karatun gida da ya kwaso wannan mudun, ya gudo daga makaranta ne da mafi lalacewar kayanta a ka.

Mudun da ya fi wannan yana nan kusa, a inda 'yan boko ba su cika leƙawa neman darasi ba. Makarantar allo ba ta da zango, ba ta da maki, ba ta da na ɗaya da na ƙarshe, amma ba a taɓa rasa sanin inda yaro yake. Tambayi kowane kolo zai gaya maka yana babbaƙu, ko farfaru, ko ya kai izu kaza. Allonsa ba ya wankuwa sai ya zo gaban malam ya biya abin da ke jiki ba gargada. In ya yi tuntuɓe ya koma ya zauna da shi, ko kwana nawa zai ɗauka, ba a ciyar da shi gaba don kawai shekara ta zagayo.

Abin da ya fi burge ni ma yana gaba. Mutanen tsangaya ba su yarda malaminka kaɗai ya shaide ka ba. Gardin da ya yi hadda ya fara satu, wato rubuta karatun da ka a allo, sai ya kai allon darasu inda alarammomi ke zaune, kowa ya baza kunne da ido yana neman inda wasali ya kauce ko harafi ya faɗi. Ba a jin nauyin gyara, ba a ɗaga wa ɗan wane ƙafa. Shi ya sa ma gardawa ke niƙar gari su tafi gabas, su kai karatunsu gaban malaman da ba su san su ba, ba su san iyayensu ba. Sunan alaramma ko gwani ba a ɗakin uwa ake raɗa wa mutum shi ba. Ko musabaƙar ƙasa da aka fara a Sakkwato a 1986, dubi yadda take: alƙali ya jawo aya daga inda ya ga dama, ɗan takara ya ɗora, in ya kauce a buga masa ƙararrawa. Malaminsa na cikin 'yan kallo, bakinsa a rufe.

Tsangaya na da nata ciwon, maganar bara da bulala zance ne na wata rana. Kuma hadda daban fahimta daban, shi kansa ɗan ƙanwata hadda ce ta rufe wa uwarsa ido. Ladabin awon nake so a ara: a san matakin da yaro yake da sunansa, kada a wuce sai ya zauna, a kuma kai shi gaban baƙon kunne a buɗe masa inda bai zata ba.

Masana ilimin zamani da suka gaji da katin sakamako ma kusan nan suka dawo. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham tun 2005 take bi gida-gida da falle ɗaya tana gwada yara. A jikinsa akwai haruffa, da kalmomi, da sakin layi mai jimla huɗu, da gajeren labari, a ga inda yaro ya tsaya ko da kuwa aji nawa yake. Lissafi ma haka, daga gane lambobi zuwa ɗebewa mai aro zuwa rabawa. Babbaƙu da farfaru ke nan a wata rigar. An gwada koyarwa bisa wannan tsari a nan jihar Kano, a firamarorin Wudil da Dawakin Tofa, inda aka riƙa kasa 'yan aji huɗu zuwa shida bisa abin da suka iya. Duk uwar da ta yi karatu za ta iya rubuta irin fallen nan da biro cikin rabin awa. Riƙe shi a gaban yaron ne ba aikinta ba.

Ƙanwata fa sai da ta yi fushi. Ranar da na gaya mata abin da na gani, ta ce yaron tsorona ya ji, ta ce gajiya ce, ta ce rubutun jaridar ƙanana ne. Mako biyu ko gaisuwa a waya babu. Ban ga laifinta ba, shekara biyu ta zuba a ɗakin nan. Da ta sauko muka yi yarjejeniya. Duk wata huɗu zan zo, ita kuma ta shiga kicin ta saki labule. Nakan zo da rubutun da yaran ba su taɓa gani ba, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci. Yaro ya karanta na minti ɗaya ina duba agogon waya, in ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai. In ya kai ƙarshe in karɓe takardar in ce ya ba ni labarin da bakinsa, kamar yana ba abokinsa, don wanda ya gane zai iya juya magana, mai karatun aku kuwa sai dai ya maimaito jimlar ko ya yi shiru. In yi masa shifta ta layi uku. In ce ya rubuta min abin da ya faru a gidansu ranar Juma'a. Lissafi in ba shi da baki, in ba shi a takarda, kuma ko ya ci ko ya faɗi sai ya gaya min yadda ya yi, domin a bayanin yaro ake ganin inda ɗinkin ya warware. Duka-duka ba ya wuce minti 25.

Ba na ba da maki. Akwai littafi mai bango mai tauri da muka ware, a ciki nake sa kwanan wata da maganar da za a iya aiki da ita gobe da safe: "Kalma 14 a minti a baƙon rubutu. Yana rikita b da d. Ba ya tsayawa a aya." Na kuma hana a ba mai ƙosai tsofaffin littattafan rubutunsu. Allo ana wanke shi, takarda kuwa tana ajiye shaida, in ka ɗora shafin Muharram kusa da na Rajab ko makaho ya shafa zai ji bambanci, ko ya ji babu. Waya ma ta kawo sauƙi, a naɗi muryar yaro yana karatu yau a ajiye, a sake bayan wata huɗu. Shi kansa in ya ji tsohuwar muryarsa tana in'ina dariya yake yi.

Ba kowa ke da yaya tsohon malami ba, na sani. Amma da wuya ka samu unguwar da babu malamin da ya yi ritaya yana zaune a ƙofar gida, ko ɗalibar kwalejin ilimi mai neman na kati. Mafi sauƙi ma, iyaye mata biyu su yi musaya, ki gwada nawa in gwada naki. Kada dai ya zama wanda ake biya kuɗin lesin, don shi ma cinikinsa zai kare, kada kuma ya zama mai zare ido ko mai kunyata yaro gaban ƙannensa.

Wata baiwar Allah da ke koyar da nata a Hotoro ta taɓa ce min, "Malam, ai gudun gwaje-gwajen nan muka yi. Kowane yaro da lokacinsa. Tarbiyyar da nake ba su kuma da wane agogo za ka auna ta?" Rabin maganarta gaskiya ne. Akwai yaron da bakinsa ba ya buɗewa a karatu sai ya kai 7, ya zo kuma ya wuce waɗanda suka riga shi, kuma ba na goyon bayan a tsare ɗan shekara 4 da jarrabawa kamar yadda wasu makarantun nazare ke yi don burge iyaye. Amma ɗan shekara 9 da ba ya karanta baƙon rubutu, jira ba zai kawo masa shi ba. Ko dai akwai abin da ya tsallake, ko idonsa ko kunnensa na neman likita, kuma uwar da kullum take dab da shi tana maimaita masa ita ce ta ƙarshen da za ta lura. Tarbiyya kuwa agogo ba ya auna ta, ido yana yi. Aike shi kanti ka ga ko zai buɗe baki ya ce canjinsa bai cika ba. Dube shi a gidan suna cikin sa'o'insa, yana shiga wasa ko yana maƙale da zanen uwarsa? In aka ci su a ƙwallo yana haƙura, ko sai ya ɗauke ƙwallonsa ya shige gida? Wanda ya tashi shi ne na ɗaya kullum a ajin mutum ɗaya bai taɓa ɗanɗana a fi shi ba, Islamiyyar yamma da filin unguwa ne za su koya masa wannan.

Sai maganar takarda, wadda masu karatun gida ba sa son a tayar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, har ta tanadi hukunci: gargaɗi a karon farko, a na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun. Makaranta dokar ta ambata, ba ta san wani abu wai shi karatun gida ba. Kano ma ta yi tata dokar ta ilimi kyauta kuma dole a zamanin gwamnatin Ganduje. Ba a kama kowa, gaskiya ne. A garin da yara ke watangaririya a titi da rana tsaka, wa zai bi wanda ke ɗaki yana karatu? Sai dai rashin kamu daban, samun hanya daban. A can sama ƙofa a buɗe take. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar 'yan waje wadda mutum ke yin rajistarta ba tare da wata makaranta ta gabatar da shi ba, in ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi ya nemi jami'a ta hanyar JAMB kamar kowa. Tsakiyar ce mai ƙaya. Jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare ta hannun makarantu ake yin rajistarta, kuma makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977 suka cika mana asibitoci da likitoci, daga 'yan aji ukun nan suke tace nasu. Abin da wasu ke yi ba ɓoyayye ba ne. A samu wata makarantar kuɗi a biya, ta sa sunan yaro a rajista kamar ɗalibinta, ta ƙirƙiro masa makin shekarun da bai zauna ba. Iyayen da suka cire ɗansu daga makaranta don tarbiyya, sai ga shi takardarsa ta farko a duniya da ƙarya aka buɗe ta.

Nan gwamnatin jiha ke da aiki, kuma ba mai tsada ba. Ƙasashe sun rabu a kan wannan. Jamus ta haramta karatun gida ɗungurungum. A Amurka kowace jiha da nata, Tekzas ko sanarwa ba ta nema, Niyok kuwa tana son rahoto sau huɗu a shekara da gwaji a ƙarshenta. Afirka ta Kudu ta halatta shi tun 1996 da sharaɗin rajista, gyaran dokar da ta yi a 2024 kuma ya nemi wani ƙwararre ya gwada yaro a ƙarshen kowane mataki. Mu ba ma buƙatar haramci, ba ma buƙatar sabuwar hukuma mai shugaba da motoci. Ga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ga KERD da ke shirya jarrabawoyin jiha, ga sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma. A buɗe rajista ga yaran da ake koya wa a gida, a ware mako ɗaya a shekara a wata firamare, malamin da bai san su ba ya gwada karatu da rubutu da lissafi, a ba iyaye takardar da ke faɗin matakin yaro. A kuma bar su su zauna jarrabawar jiha da sunansu na 'yan gida. Na san abin da mai karatu ke faɗa a ransa, duk inda aka ce rajista a ƙasar nan an buɗe wa wani shagon karɓar na goro. Tsoronsa na kan hanya. Shi ya sa nake cewa ya zama kyauta, kuma wanda aka samu ɗansa a baya a ba shi shawara da wata shida a sake dubawa, kada a fara da tara.

Ba don irin ƙanwata nake nacewa hukuma ta shigo ba. Ita tana da allo, tana da miji mai tambaya, tana da yayan da zai ɓata mata rai. Yarinyar nan nake tunani, wadda in ka tambayi ubanta me ya hana ta makaranta zai ce maka a gida ake koya mata, alhali raino take da wanke-wanke, da yamma ta ɗauki farantin talla. Kalmar da masu hali suka ɗauko don 'ya'yansu su fi na makaranta, ita za ta zama mayafin da za a lulluɓe wannan yarinyar da shi. Daga waje gidajen biyu iri ɗaya ne, duka babu mai fita da yunifom da safe, falle ɗaya da minti goma ne za su raba su. Kuma in an zo da fallen, adalci shi ne a leƙa ajin da ke kusa a gwada 'yan aji shida na makarantar da aka ari ɗakinta, a gwada na makarantun kuɗi ma, a liƙa sakamakon a bakin ƙofa. Ina zaton ranar ba masu karatun gida kaɗai za su sunkuyar da kai ba.

Awo na uku ya faɗo cikin sanyi. Ƙanwata ta riga ta ajiye littafin Turancin nan gefe, ta koma da babban kan sautin haruffa da Hausa kamar ɗan aji ɗaya, abin da ya yi masa ciwo har ya yi kuka. Ta kuma koyi zama a bayansa in yana karatu. Wannan karon kalma 41 ya karanta a minti da Hausa, 23 da Turanci, ya ba ni labarin da bakinsa har da ƙarin gishirin da babu a takardar. Har yanzu bai kai inda ya kamata mai shekarunsa ya kai ba, na kuma rubuta hakan a littafin. Ta tsakiyar ta kama aro, yanzu rabawa ke ba ta wuya. Autan bai isa gwaji ba amma ya kafe sai an yi masa, na nuna masa haruffa biyar ya ci uku.

Abbansu na so a mayar da babban makaranta, saboda maganar takardar nan. Ita tana so a ƙara mata shekara ɗaya. Suka juyo gare ni, na ce ni awo aka ɗauke ni, ba shari'a ba. Na bar su a falo da littafin a buɗe tsakaninsu, tana nuna masa 14 ɗin farko da 41 ɗin yau, shi kuma yana nuna mata layin da na rubuta a ƙasa. Yaron ya rako ni bakin titi neman adaidaita, yana tafe yana karanta min allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ya ja ya tsaya a ƙofar wani tela ya ce, "Kawu, wannan ya rubuta dinki, bai sa wa ɗ ɗin ƙugiya ba."